Ni Na Shanya Tsutsar Malam Habibu

Shekara talatin da takwas ke nan da muka ɗauki ƙanena Habibu muka kai shi makwancinsa, a shekarar da gwamnati ta hana shigo da alkama, kowa a yankinmu na Kura ya koma shuka ta har a bayan ɗaki. Ni manomi ne, ba marubuci ba. Ɗan bokon da nake taɓawa ma shi ya koya mini a kan tabarma, yana danne dariya duk lokacin da na rubuta harafi ya juya wa 'yan uwansa baya. Magana ɗaya ta sa na nemi wannan fili. Habibu ya rasu garinmu yana yi masa kallon maƙaryaci, ni kuwa na san bai yi ƙarya ba, na kuma san wanda ya jawo masa. Na daɗe ina shiru, bana na ce ya isa haka.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Habibu malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare da ke kusa da mu. Siriri ne, ga saurin magana, kullum ƙafar wandonsa a naɗe. In ka neme shi a gida ka rasa, to ka bi bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwan noman rani, za ka same shi tsamo-tsamo yana tsintar katantanwa yana zubawa a kwalba. Shi ya fara gaya mana cewa fitsarin jinin da ke damun yaranmu ta jikin waɗannan ƙananan katantanwa yake bi, ya roƙi iyaye su hana yara wanka da fitsari a cikin kanal. Da farko an saurare shi. Ɗan gari ne, kowa ya san ubansa, kuma ya yi karatu har jami'a.

Abin ya lalace ne daga wani darasi guda. Ya gaya wa ɗalibansa labarin wata halitta da ya sa wa suna tsutsar karammiski, saboda fatarta laushi gare ta kamar wannan yadin da ake yi wa sirdi ado da shi. Ya ce tsawonta bai fi yatsa ba, jikinta irin na tana, amma tana da ƙafafu gajeru a jere dama da hagu, kowace ƙafa da 'yan faratanta, ga gashin-baki biyu a kai da take lalube da su. Ya ce in ta ga ƙwaro ba ta bin sa da gudu, sai ta feso masa wani danƙo daga gefen bakinta ya ɗaure shi, sannan ta taka a hankali ta ci abinta. Ya ce da yawa daga cikinsu ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi. Ya ƙara da cewa tsohuwar zuriya ce ƙwarai, an ga sawun masu kama da ita a cikin duwatsu tun zamanin da rayuwa take cikin teku, kuma ana samun ta a dazuzzukan Afirka da na Amurka ta Kudu saboda a can baya ƙasashen a manne suke kafin su rabu.

Yara suka kwashi wannan suka kai gida. Kafin sati ya zagayo magana ta isa majalisar gindin mangwaro, inda Alhaji Mati dillalin tumatir yake zama kamar alƙali. Alhaji Mati ba mugu ba ne, amma Allah ya ba shi baki, kuma ba ya ƙaunar ya ga an yi dariya ba da maganarsa ba. Ya ce shekara talatin yana tonon ƙasa bai taɓa cin karo da tana mai takalmi ba, balle wadda ake yi wa barka. A nan take aka raɗa wa ƙanena Malam Tsutsa, sunan kuwa ya zauna daram.

Habibu ya ɗauko littafi ya nuna musu hotonta. Alhaji Mati ya juya littafin sama da ƙasa ya ce ai zane ne, shi ma a ba shi alƙalami zai yi wa kifi ƙaho. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma sai ya zama duk abin da Habibu ya faɗa a aji, wani zai ɗaga hannu ya tambaya ko wannan ma irin na tsutsa ne. Iyaye suka fara janye yara daga darasinsa na yamma suna tura su gona dashe. Maganar katantanwa ma ta bi ruwa, yara suka koma kanal suna iyo, in ya yi magana a ce mai tana da ƙafafu ne ya zo. Wannan ya fi komai ci masa rai, ni kuma na ga yadda ya daina cin abinci sosai.

Habibu ba ya ja da baki, amma in ya kafe babu mai tanƙwara shi. Ya shiga rubuta wasiƙu zuwa ga wani tsohon malaminsa da ke koyarwa a kudu, shi kuma ya nemi wani abokin aikinsa da ya taɓa aiki a dazuzzukan tsakiyar Afirka. An fi shekara ana wannan kai-komo. Rannan wani direba da ke kai tumatir kudu ya dawo da kwandunansa wayam, ya miƙa wa Habibu wani ƙunshi da aka naɗe da auduga da tsohuwar jarida. Bai buɗe a gaban kowa ba, ɗakina ya kawo shi.

'Yar kwalba ce mai toshiyar gora, cike da wani ruwa mai warin sipirit irin na asibiti. A ciki ga tsutsar nan kwance. Na gan ta da idona, kuma wannan ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Launinta ya yi duhu kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafafun nan a jere kamar an dasa su da igiya, gashin-bakin a lanƙwashe. Habibu ya ɗora mini gilashinsa mai ƙara girma, na ga faratan, na ga fatar da ƙananan ƙuraje lif-lif. Na fara ƙirga ƙafafun na ɓace a hanya. Ban taɓa ganin ƙanena cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya aika wa majalisa cewa ranar Asabar bayan la'asar kowa ya zo ya gani.

Sai aka kira shi Kano aikin duba takardun jarrabawa na kwana huɗu. 'Yarsa Binta a lokacin ta fara tafiya, duk abin da hannunta ya kai sai ta jawo, don haka ya bar kwalbar a wurina. Abin da ya ce kawai shi ne a ajiye a inuwa, kada a buɗe. Bai gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don wa ba ya cika son ƙanensa ya yi masa bayani sau biyu.

Lokacin bazara ne, zafi kamar a toya gurasa a kan kwano. Na ɗora kwalbar a kan katangar ɗaki, can sama kusa da rufin kwano, inda na ga yara ba za su kai ba. A ganina inuwa ce. Bayan kwana biyu na duba, sai na tarar toshiyar ta tsage, ruwan ya ƙafe ya koma ƙasa da rabi, rabin jikin tsutsar yana waje. Na ce wannan abu da aka sha wahala a kansa zai ruɓe a hannuna.

A nan nake so a fahimce ni, ba don a wanke ni ba. Mu mutanen nan abu ɗaya muka sani game da ajiya. In tumatir ya yi yawa kasuwa ta faɗi, yanka shi muke yi mu baza a rana ya zama kauɗa. Haka kuɓewa, haka tattasai, haka barkono, haka nama. A wannan satin ma duk bakin titi daga garinmu har Garun Malam ja wur yake da shanya, matana da yarana suna can da wuƙaƙe tun safe. A kaina, abin da ke da danshi shi ke lalacewa, abin da ya bushe shi ke shekara. Saboda haka na zare tsutsar da tsinke cikin lallami, na shimfiɗa ta a kan sabon faifai, na barbaɗa mata ɗan toka don ƙuda, na ɗora a kan rumfa inda rana ta fi bugawa. Na tafi gona ina jin na yi dabara.

Da na dawo da la'asar ban gane ta ba. Ta ƙanƙance ta murɗe ta yi baƙi, ƙafafun sun shige jiki sun zama 'yan gudaje, tururuwa sun tafi da gashin-bakin. Na zuba mata ruwa, na mayar da ita cikin sauran sipirit ɗin, ta yi ta yawo a sama kamar tsinke.

Ranar Juma'a Habibu ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya shigo wurina. Na miƙa masa kwalbar. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, shanya ta ka yi?"

"Na ga za ta ruɓe ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin gado ya yi mini darasin da ya kamata in nema tun farko. Ya ce jikin wannan halitta duk ƙananan ƙofofin numfashi ne, kuma ba ta iya rufe su yadda fara ko kyankyaso suke yi, don haka ruwan jikinta ta nan yake tsiyayewa. Shi ya sa tun fil'azal ba ta bar ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce da jiƙaƙƙen ganye ba, shi ya sa kuma ba za a taɓa ganin ta a ƙasarmu ba ko da an malala mana ruwan madatsar Tiga gaba ɗaya. Ya ce duk abin da ta yi ta gudu tsawon zamanai, shi na yi mata a yini guda. Ya ɗan yi murmushi da ya faɗi haka, murmushin da har yau ba na son tunawa.

Na jira ya ce in zo in yi wa mutane bayani. Bai ce ba. Cewa ya yi, "A bar shi a tsakaninmu, Yaya." Ni kuwa, Allah ya gani, sanyi na ji a raina. A lokacin ni ke raba wa mutanen layinmu ranakun ban-ruwa, maganata tana da nauyi, kuma na san in labari ya fita cewa na yi wa kayan kimiyya kauɗa, Alhaji Mati zai yi shekara yana ci da ni. Ƙane ba ya kunyata wansa a bainar jama'a, haka aka rene mu, ni kuma na fake a bayan wannan tarbiyya na yi lamo.

Da a ce wani ne, da ya ce ba shi da lafiya ranar Asabar. Habibu ya sa farar rigarsa ya tafi. Mutane sun cika gindin mangwaro, har da waɗanda suka zo daga Bunkure. Ya tsaya ya faɗi duk abin da ya faɗa a aji bai rage ko kalma ba, sannan ya ce abin da aka aiko masa ya lalace, amma ga shi. Kwalba ta zaga hannu-hannu har ta isa ga Alhaji Mati. Ya ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya.

"Malam, wannan ai busasshiyar kuɓewa ce. A kai wa uwargida ta kaɗa miya."

Wuri ya kaure da dariya. Wani dattijo mai adalci ya tambaya yadda aka yi ta lalace. Habibu ya ce, "Sakacina ne." Ina zaune taku uku daga inda yake tsaye. Ni kaɗai ne a duk taron nan na ga ƙafafun, ni kaɗai zan iya cewa na gani. Ban ce ba. Abin da ya fi wannan muni, da na ga ana kallon fuskata, sai na ɗan yi dariya ni ma don kada a gane. Habibu ya gan ni.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ya ci gaba da gaishe ni da safe kamar kullum, ya ci gaba da koyar da 'yan kaɗan ɗin da suka rage masa, ya ci gaba da shiga kanal. Ya sake rubuta wasiƙa kudu yana neman wata, amsa ba ta zo ba. Bayan shekara biyu ciwon hanta ya kwantar da shi. Ko a gadon asibiti sai da ya sa na yi masa alkawarin duba gidan waya. Na duba sau biyu bayan rasuwarsa, daga nan na daina.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Shinkafa ta kori alkama daga yawancin gonakinmu, an kafa ƙaton kamfanin tumatir a wajen Kadawa, amma har gobe in kasuwa ta faɗi bakin titi muke komawa da wuƙa da buhu. Wannan zai ba shi dariya. Yara har yanzu suna iyo a kanal, wannan kuwa zai sa ya naɗe wando ya fita yana faɗa. Abin da na tabbata zai fi burge shi shi ne wayar hannu. Abin da ya kwashe fiye da shekara yana roƙo ta wasiƙa, yanzu yaro na zaune a kan kwandon tumatir zai gan shi yana motsi. Na san kuma zai yi ƙorafin cewa duk da haka ba su kalla, sun fi son rawa.

Binta ni na riƙe ta bayan rasuwarsa. Ta bi sawun ubanta, yanzu tana koyar da irin darasinsa a wata makaranta a Kumbotso. Ta taso ana ce mata 'yar Malam Tsutsa, ta yi dambe a kan haka ba sau ɗaya ba, ni ne ma mai zuwa ba da haƙuri. Watanni biyu da suka wuce ta zo gaishe ni, muna hira ta ce bari ta nuna mini abin babanta. Sai ga tsutsar a waya, da rai, tana tafiya a kan gansakuka, ƙafafun suna ɗagawa bi da bi. Ta tsaya, ta ɗaga kai, ta feso danƙon nan ya ɗaure wani ƙwaro. Binta ta ce masana yanzu sun gano ta fi kusa da dangin ƙwari da shanshani fiye da tana, ba gada ba ce tsakaninsu yadda aka koyar a zamanin babanta, reshe ce mai zaman kanta. Na ce da yana nan da ya karɓi gyaran da hannu biyu. Ina rufe baki sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe abin ba, na gaya mata komai, har da dariyar.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da wayar jaka, ta gyara mayafi, ta ce za ta bi motar yamma. Sati uku ba ta kira ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na sa aka saka mini hoton a tawa wayar na tafi gidan Alhaji Mati. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, bakin ne dai bai mutu ba. Ya kalla sau uku yana kanga wayar a hancinsa. Ya ce, "Ashe da ƙafafun nata." Na gaya masa wanda ya yi shanyar. Na zaci zai yi dariya, sai ya ce, "Garba, ni na yi masa da baki, kai ka yi masa da shiru. Ranar Juma'a ka zo ka ɗauke ni."

Bayan an sallame, na riƙe hannunsa muka tsaya a ƙofar masallaci, muka roƙi jama'a su dakata. Ya faɗi nasa, na faɗi nawa, ban rage komai ba. Na ce Habibu bai yi ƙarya ba, na ga abin da idona, ni na lalata shi, ni na bari aka yi masa dariya. Mutane suka saurara cikin ladabi. Da na gama, wani magidanci mai furfura a gemu ya matso ya tambaye ni a hankali, wane Habibu ke nan. Na duba sahu-sahu, waɗanda suka zauna a gindin mangwaro ranar nan ba su fi mu uku ba a raye. Sauran sun tafi da abin da suka ɗauka gaskiya ne.

Shi ya sa na zo jarida. Ɗaliban Habibu suna warwatse a ƙasar nan, wasu sun zama manya, wataƙila wani cikinsu har yau in ya tuna shi dariya yake yi. Ina so ya karanta wannan ya sani. Ban san abin da ya rage na mutum bayan shekaru irin waɗannan ba in ba maganarsa ba. Gidansa an sake gini, makarantar an canza mata fasali, littattafansa gara ta ci. Maganarsa ce kaɗai ta rage, kuma ta tabbata gaskiya ko da ba mu yarda ba. Ya tsaya a kanta shi kaɗai a gaban gari, ya kuma rufa wa wanda ya kayar da shi asiri. In Allah ya ba ni kwana, duk inda aka ambace shi zan faɗi wannan, ko an tambaye ni ko ba a tambaya ba.

Kafin in aika da rubutun nan na kai wa Binta ta duba. Ta karanta a tsaye a ƙofar ajinta, ta ciro jan biro ta gyara mini wuri biyu inda na kwatanta halittar ba daidai ba. Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta miƙo mini takardun ta ce, "Baffa, nawa na yafe tun a mota. Nasa kuma ba a hannuna yake ba."

Allah ya haskaka kabarinka, Habibu, ya sa in mun haɗu ka saurare ni.